Ba a Sanin Maci Tuwo Sai Miya Ta Ƙare: Darasin Turanci da Halin da Ka Ginu a Kai



Shiga kowane aji daga SS 1 zuwa SS 3, ka ɗauki alli ka ce a lissafo maka kyawawan halaye. Kafin minti biyu allo ya cika: gaskiya, haƙuri, riƙon amana, ladabi, biyayya, kunya, tausayi. Wanda ya riƙe darasin Sibik zai ƙaro guda bakwai ɗin nan na sashe na 23 na Tsarin Mulkin 1999, su ɗa'a da dogaro da kai da kishin ƙasa. Ko Baturen nan Anthony Kirk-Greene, wanda ya daɗe yana aiki a Arewa, da ya fitar da ɗan littafinsa Mutumin Kirkii a 1974, halaye goma ya tattaro daga bakin Hausawa: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu ɗaya a ciki da ba ku sani ba tun kuna firamare.

To, in haka ne me ya rage? Abin da ya rage shi ne tambayar da ba a cika yi muku ba: a cikin waɗannan goma, wane ne naka? Ba wanda ka haddace ba, wanda in an taɓa shi barci yake gagarar ka. Kowane mutum yana da hali biyu ko uku da sauran halayensa suka jingina a kansu, kamar yadda rufin soro yake zaune a kan ginshiƙi. Da yawa daga cikinmu sai mu tsufa ba mu taɓa zama mun gano su ba. Wannan rubutu bayani ne a kan yadda darasin Turanci, wanda wasunku suka ɗauka na haddace ƙa'idojin nahawu ne kawai, zai iya zama wurin da za a yi wannan binciken.

A allo suna zaman lafiya, a rayuwa karo suke yi

Ga inda gizo ke saƙa. In an jera halayen nan a allo, sai ka ga kamar 'yan ɗaki ɗaya ne da ba su taɓa saɓawa. A rayuwa ba haka ba ne.

A ce ranar jarrabawa ce. Wanda ke bayanka ɗan unguwarku ne, tare kuka yi makarantar allo, ranar da kekenka ya lalace a hanya shi ya goyo ka har ƙofar makaranta. Sai ya zungure ka da biro, ya raɗa maka: lamba ta uku. Gaskiya ta ce kada ka juya. Zumunci da kara suka ce wannan ba mutumin da za ka kunyata ba ne. Duka biyun suna cikin jerin da kuka rubuta a allo, amma yanzu dole ɗaya ya koma baya. Ko kuma ke, an naɗa ki monita, an ce ki rubuta sunayen masu surutu, sai ga ɗiyar ƙanwar babarki a cikinsu. Ko kai da aka tura kasuwa da buhunan albasa, aka ce ka jera manya a bakin buhu, ƙananan da waɗanda suka fara taɓuwa su tsaya a ƙasa. Nan biyayya ce ta yi karo da gaskiya, kuma wanda ya ba da umarnin babba ne a gidanku.

A irin wannan lokaci ake gane ginshiƙi. Halin da ka riƙe lokacin da riƙe shi ba ya cin ka komai, wannan bai nuna komai ba tukuna. Wanda ka riƙe ranar da ya ci maka maki, ko aboki, ko faɗan gida, shi ne naka. Shi ya sa tambayar "waɗanne halaye ne masu kyau?" take da sauƙi har ta zama wasa, tambayar "wanne na taɓa biyan kuɗinsa?" kuwa sai an zauna.

Misalan da ke ƙofar gidanmu

Mu mutanen wannan yanki ba sai mun je nesa neman misali ba. Duk wanda ya bi titin Sakkwato zuwa Tambuwal ya ratsa ƙasar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna, a Sifawa, daga wajen 1810 zuwa 1815, yana karantarwa yana rubutu, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana nan kusa da shi a Boɗinga. Kun san labarin Magami, wajen 1788, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai da babbar salla ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar zinariyar, ya nemi a ba shi wasu abubuwa a madadinta, ciki har da a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Wannan labari ana yawan ba da shi, don haka ba zan tsaya a kansa ba.

Wanda na fi so ku tsaya a kai shi ne na Malam Abdullahi, domin shi ne ya fi kama da irin ruɗanin da kuke shiga. Wajen 1807, ana tsakiyar jihadi, shi ne babban waziri kuma jagoran yaƙi, sai ya ga wasu daga cikin jama'a hankalinsu ya fara karkata ga ganima da mulki da ƙawar duniya. Ransa ya ɓaci har ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Ku duba nauyin abin: a gefe guda ga yayansa, malaminsa, da jama'ar da suka sha wuya tare tun hijira zuwa Gudu a 1804, a ɗaya gefen ga abin da zuciyarsa ta kasa haɗiyewa. Da ya isa Kano mutanen garin suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su. Ya tsaya, ya yi musu tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki da shari'a, daga baya kuma ya juyo ya dawo wurin jama'arsa. Ya ba da labarin wannan ɓacin rai da kansa a Tazyinul Waraƙat. Wato bai tsaya ga jin abin a zuciya ba, ya zauna ya rubuta abin da ya dame shi da dalilin da ya sa ya dame shi. Aikin da nake so ku koya ke nan, sai dai ku a ƙaramin littafin rubutu za ku fara.

Na biyu ɗan Shagari ne, kuma malamin makaranta ne kafin ya zama komai. An haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925, ya yi elementare a Yabo, ya yi midil a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya dawo ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato, ya riƙe hedimasta a Argungu. Yana malami ya tsara Waƙar Nijeriya. Ya zama shugaban ƙasa a 1979, kuma a 1982 gwamnatinsa ta ƙaddamar da wani gangami na gyaran ɗa'a a faɗin ƙasa. Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka kifar da gwamnatin, suna zargin ta da cin hanci da ɓarnar dukiya. An tsare shi, amma a 1986 kwamitin shari'a da aka kafa ya wanke shi shi kansa daga zargin, ya koma mahaifarsa ya zauna. A nan Shagari aka binne shi bayan rasuwarsa ranar 28 ga Disamba 2018. Masoyansa suna cewa ga mutum mai gudun abin duniya da tawali'u. Masu sukarsa suna cewa haƙurinsa da kararsa sun yi yawa, har wasu na kusa da shi suka fake da su suka yi abin da suka ga dama. Ban kawo wannan don in yanke hukunci a kan dattijon da garinmu ke alfahari da shi ba. Na kawo shi ne don ku ga cewa ko a kujerar shugaban ƙasa, karon da ke tsakanin kara da adalci shi ne dai wanda monita take fuskanta da takardar masu surutu a hannunta. Ga batun muhawara mai kyau ga 'yan SS 3, in za a yi ta da ladabi da hujja.

Me ya haɗa wannan da darasin Turanci?

Na farko, littattafan da ake sa ku karanta cike suke da mutanen da aka matse a lungu. Amfanin ƙagaggen labari shi ne yana ba ka rayuwar wani ka auna ba tare da ka tona asirin kanka ba. A Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, dattijo Ezeudu ya je har gida ya gargaɗi Okonkwo kada ya sa hannu a kisan Ikemefuna, yaron da ya shekara uku a gidansa yana kiran sa baba. Okonkwo ya bi su daji, kuma shi ya kai saran ƙarshe, don kada a ce masa rago. Amininsa Obierika bai je ba, kuma ya gaya masa ra'ayinsa a fuska. A jarrabawa za a tambaye ku wane ne ya kashe Ikemefuna, ku amsa ku ci maki. Tambayar da ta fi wannan amfani ita ce: mene ne Okonkwo ya fi tsoron rasawa fiye da ran yaron? In ka amsa, sai ka juyo: ni fa, mene ne nake tsoron a ce da ni har yake sa ni yin abin da raina ba ya so? Ga samari da yawa amsar ita ce kalmar "matsoraci" ko "ɗan ƙauye". Ga 'yan mata da yawa, "mai girman kai".

Waɗanda suka karanta The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, wanda hukumar JAMB ta sa wa masu neman shiga jami'a na wasu shekaru, sun san yadda Salma ta ƙare a jarrabawarta ta ƙarshe a jami'a, da yadda Kolawole, wanda ya miƙa mata amsa, shi ma kora ta haɗa da shi. Yawancin ɗalibai Salma suke zagi. Ni Kolawole na fi so a tattauna, domin shi ne ya fi kama da yaron kirkin da ke zaune a kowane aji: ya yi karatunsa, ba ya bukatar satar amsa, abin da ya kayar da shi kawai kasa cewa a'a.

Na biyu shi ne wanda na fi jin daɗinsa a matsayina na mai koyar da harshe. Fassara tana tilasta wa mutum tunani. Gwada mayar da kalmar kunya zuwa Turanci. In ka ce "shame", ka kawo kunyar wanda aka kama da laifi. In ka ce "shyness", ka kawo ta yaron da ke ɓuya bayan zanen uwarsa. Ina kunyar da ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, ko wadda ke hana ka cin abinci a gaban surukai? Fulani suna kiran ta semteende, suna lissafa ta tare da munyal da hakkiilo a cikin pulaaku. Kalmar kara ta fi wuya ma, don babu kalma ɗaya ta Turanci da za ta ɗauke ta. Mutunci ma haka. To in kalma ɗaya ta gaza, dole ka yi bayani da jimla, in jimla ta gaza dole ka ba da labari: ranar kaza, wane ya yi kaza, ni kuma na yi shiru saboda kaza. Kafin ka gama, ka fahimci abin da kake nufi da kara fiye da yadda ka fahimce shi shekara goma sha bakwai kana faɗinsa da Hausa. Wani lokaci ma sai ka gano cewa abin da kake kira kara tsoro ne ya sa riga.

Na uku kuwa maganar maki ce, don na san akwai masu cewa "Malam, wannan zai fito a jarrabawa?" Zai fito. A takardar Turanci ta WAEC ana neman insha'i na kalmomi kusan 450, kuma maki 50 ne: 10 na abin da ka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na kauce wa kurakuran rubutu. Kusan kowace shekara akwai tambayar da ke cewa a rubuta labarin da zai fito da ma'anar wani karin magana, kuma galibi a kan hali ne. Mai makin takardu yana karanta ɗaruruwa. Yawancinsu labari ɗaya ne: wani yaro ya bi miyagun abokai, ya sha ƙwaya, ya yi nadama. An haddace shi, ba a rayu da shi ba, shi ya sa ba shi da ɗanɗano. Ɗalibin da ya rubuta labarin buhun albasa, da nauyinsa, da zafin rana, da yadda mai saye ya zura hannu har ƙasan buhu ya ɗago kai ya dube shi, wannan ba ya rasa abin faɗa, kuma jimlolinsa sukan fi tsabta, don yana ganin abin da yake rubutawa.

Yadda za ka fara

Ka samu littafi daban, ba na aji ba. Rubuta halaye goma da kake ganin suna da muhimmanci a wurinka. Sai ka soke biyar. Za ka ji kamar kana zubar da 'yan uwanka, amma ka daure. Sokewa ba ta nufin ka yar da su, tana nufin in an matsa maka waɗannan za su jira. Daga biyar ka sauko uku. A nan yawancin mutane suke tsayawa su yi tagumi, kuma tagumin shi ne aikin.

Sai ka ɗauki ɗaya daga cikin ukun ka nemo masa rana. Ba "kullum ina faɗin gaskiya" ba, wannan ba labari ba ne, kirari ne. Rana ɗaya, wuri ɗaya, da mutanen da ke wurin, da abin da ka rasa. In ka duba ka duba ba ka samu ranar da wannan hali ya taɓa cin ka wani abu ba, to wataƙila hali ne da kake sha'awa, bai zama naka ba tukuna, kuma sanin haka ma riba ce. Daga nan ka tambayi kanka daga ina ka samo shi. Sau da yawa za ka tarar ba daga wa'azi ba ne, daga kallo ne: kakarka da ba ta taɓa barin almajiri ya wuce da kwano wayam ba, ko malamin allonku da ya mayar da canjin da aka yi masa kuskurensa. Ka rubuta wannan mutumin, da kamanninsa da yadda yake magana. Ba laifi ka fara zubo shi da Hausa a gefe, sa'an nan ka sake gina shi da Turanci. Na ce ka sake ginawa, ban ce ka bi shi kalma bayan kalma ba, don Turancin da aka ɗora a kan ƙashin Hausa mai maki yana gane shi tun daga layin farko.

Wani zai ce ai addini ya riga ya gaya mana abin da ke daidai da abin da ba daidai ba, me ya kai mu zaɓe? Gaskiya ne, kuma wannan aiki ba ƙirƙiro halal da haram ba ne. Malamanmu suna da suna ga irinsa, muhasaba, wato mutum ya yi wa kansa hisabi. Akwai ma malamin Bagadaza, Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a 857, da aka yi wa laƙabi da wannan ɗabi'a. Sanin hukunci daban, sanin inda ƙafarka take zamewa daban.

Ga 'yan uwana malamai

A 2006 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Geoffrey Cohen, da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar Science. Sun sa yara 'yan shekara 12 zuwa 13 su zaɓi abin da ya fi muhimmanci a wurinsu daga wani jeri, su yi rubutu a kansa na kimanin minti 15. A ƙarshen zango, tazarar maki tsakanin yara baƙaƙen fata da farare ta ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Bayanin da suka bayar shi ne yaron da ke shiga aji da fargabar an riga an raina shi, in ya tuna abin da ya ginu a kai, fargabar takan sassauta, hankalinsa ya koma kan karatu. Gwaje-gwajen da aka maimaita daga baya a wasu makarantu ba duka suka ba da sakamako mai ƙarfi haka ba, don haka kada mu ɗauke shi laya. Amma duk wanda ya koyar da Turanci a nan ya san irin wannan fargaba: yaron da ya zo daga ƙauye, yana da amsa a kansa, amma ya gwammace a ce bai sani ba da a yi dariyar lafazinsa.

Sai dai aikin yana lalacewa cikin sauƙi, kuma mu ne muke lalata shi. In yaro ya rubuta cewa ya taɓa juya wa abokinsa takarda a jarrabawa, muka ɗauki jan biro muka rubuta masa wa'azi a ƙasa, ko muka kai maganar ofis, to daga ranar ba za mu sake samun gaskiya a littafinsa ba, sai labarin yaron da ya bi miyagun abokai. A gyara Turancin, a bar halin. In za a yi tambaya, a yi wadda za ta tura shi gaba: me ka ji da ka fito daga ɗakin? Kada a karanta rubutun kowa a gaban aji sai da yardarsa, musamman 'yan mata, waɗanda abin da za su rubuta sau da yawa ya shafi cikin gida: talla, ko maganar aure da ta taso ana tsakiyar karatu. In kuma rubutu ya nuna yaro yana cikin haɗari, wannan ba batun maki ba ne, a kira shi gefe a san yadda za a taimaka. Kuma in aji ya kai mutum saba'in ko tamanin, ba dole ne a bi kowane littafi ba. Minti goma sha biyar na rubutu a shiru, sau ɗaya a mako biyu, sa'an nan a bar masu so su karanta nasu, ya wadatar a fara.

Ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta za ta ware gefen dama na wannan allo a fitowa ta gaba don irin wannan rubutu. Batun shi ne ranar da halaye biyu masu kyau suka yi karo a hannunka, da wanda ka zaɓa. A rubuta da Turanci, kada ya wuce kalmomi 450, a sauya sunayen mutanen da ke cikin labarin. Wanda ba ya son sunansa ya fito ya rubuta ajinsa kawai, ya jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis ta makon jibi.